Na tahi Akra, garin da kakana ke ce ma Ankara

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun da na komo Tawa kowa ke tambayata labarin tahiyar da na yi Gana cikin bakansin nan, to bari in rubuta sau guda kowa ya samu.

Motar kar na shiga zuwa Yamai, daga can jirgi, munka canza wani a Lome, sai ga ni Akra. Mu a gidanmu Ankara munka sani, don haka kakana, Allah ya jiƙan shi, ke kiran garin. Ya yi shekaru can yana dako a kasuwa tun ana ce ma ƙasar Gol Kos, har 1969 da gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da bai da takardu ya hita, ya komo gida da akwatin ƙarhe guda, akwatin har yau shina ɗakin inna.

Washe gari tun da sahe na nuhi Jamestown, tsohuwar unguwar ƙabilar Ga da ke bakin teku. Wallahi wanda tabkin Tabalak da kogin Yamai ne iyakar ruwan da ya taɓa gani bai san ruwa ba, ka tsaya kana dubi ba gaci ba tsibiri, ga ruri ba dare ba rana, ga iskar gishiri tana manne maka a jiki, na fi rabin awa tsaye ban ko hiddo telefon ba. Akwai wata doguwar hasumiya mai ja da hwari da ke haska ma jiragen ruwa hanya, ƙasanta kwale-kwalen masunta jere kowane da fentinshi da tutarshi. Ranar Talata ba su shiga teku, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Abin da ya ɓata min rai leda da shara da sunka cika bakin ruwan, wuri mai tarihi irin wanga bai cancanci haka ba ko kaɗan.

Nan kusa gidajen Turawan da suke, masu kaurin bango. Ussher Fort ƴan Holan sunka gina shi a 1649, James Fort na Ingilishi ne 1673, can gaba a Osu kuma ga na ƴan Danmak, wato ƙasashe ukku a ɗan bakin teku guda kowa na tsaron cinikinshi na zinariya da bayi. Sai a 1877 Ingilishi sunka maido babban birni nan daga Cape Coast. Na shiga Ussher Fort da wani saurayi mai zagayawa da baƙi, ɗakuna ƙanana masu duhu da ɗoyin laima, don daga baya ma kurkuku anka maida gidan. Da ya ce da yawa cikin bayin daga arewa aka koro su, ta kasuwar Salaga, sai jikina ya yi sanyi, don Salaga hanyar Gwanja ce, hanyar da fatakenmu ke bi sayen goro. Ban iya ɗaukar hoto ba a ciki.

Kabarin Kwame Nkrumah bai da nisa, daidai hilin da ya yi shelar ƴancin kai ranar 6 ga Maris 1957, mu namu na Nijar sai 3 ga Agusta 1960. Sun aje mutum-mutuminshi da anka sare ma kai lokacin juyin mulkin 1966, ga gangar jiki ga kai a gehe. Na ratsa kasuwar Makola ma, cinkoso dai, sai ka riƙe aljihunka.

Amma inda na fi daɗewa Nima ce. Toro-toro na shiga, ƴan bus ɗinsu kenan, ina sauka sai na ji mai koko da ƙosai tana ciniki da Hausa. Hausarsu daban take, mace ma sai ka ji an ce "ya zo", amma kuna ganewa sarai. Shinkafa da wake da suke ce ma wace, da tuwon zahi da kowa a Gana ya sani, sunayen duk namu ne. Na yi Juma'a a babban masallacin Kanda wanda Turkiyya ta taimaka anka gina, an buɗe shi a 2021, kubbobi da hasumiyoyi gwanin kyau.

Bayan salla wani dattijo ya ji harshena ya kama hannuna ya ce, "Yaro, kai Ba'adare ne ko?" Na ce, "I, baba, daga Tawa." Ashe shi ma ɗan Adar ne, ya zo biɗa tun yana saurayi bai koma ba, ƴaƴa da jikoki duk nan anka haihe su. Ya ja ni gidanshi, ya dinga tambayata damana, ko gero ya yi bana, ko har yanzu ana noman albasa a Galmi kamar da, ko rijiyar garinsu na nan. Ina ba shi amsa idonshi na kawo ruwa. Bai san kakana ba, amma ya ce ƴan dakon lokacin nan duk ya san irin wahalar da sunka sha.

Da zan tashi ya ƙulle min goro cikin ganye ya ce in kai ma inna. Na kawo mata, ta raba ma maƙwabta, ta bar guda biyu ta sa cikin akwatin kakana.