Mi kac ce?

Talata, bayan isha'i.

Hunturu ya kankama. Yatsuna sun tsattsage, sai da na mulka musu man kaɗanya kafin in fita. Shago shiru, wando biyu kawai na ɗinka aka ɗauke wuta.

Bayan la'asar na nufi gidan Baba, mai koya min kiɗan kotso, da murnata. Kun san wata tara ke nan ba abin da yake bari in yi sai riƙe kiɗa, bugu ɗaya tak, shi yana yawo a kai yadda ya ga dama. To kwana huɗun nan na ɓoye ina haɗa wani salo nawa na kaina. Yau da ya ɗaga min kai alamar in shiga, sai na saki hannu. Daga kan nake, ɗanƙon nan da ake liƙawa a tsakiyar fata, in koma bakin fata, in matse tsarkiya in saki, yatsu na gudu kamar ana kora su. Har yaran unguwa suka cika ƙofar zaure. Na tsaya ina haki, ina jiran a ce madalla.

Baba yana ɓare goronsa, ko kallona bai yi ba.

"Mi kac ce?"

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Abin ga da kab buga. Hwaɗa min shi da baki."

Wallahi na buɗe baki babu komai a ciki. Na ce ai salo ne kawai, daɗinsa na ji. Ya ce to shi bai ji magana ba, ƙanƙara ya ji bisa kwano. Yaran suka kwashe da dariya, har da ɗan ƙaramin nan mai majina.

Sai ya ce in kira shi da kotso. Kalma ɗaya, Baba. Na ce wannan ai mai sauƙi ce. Na matse na buga, na saki na buga. Ya ajiye goron ya riƙe haɓa. "Yau kuma tsohuwa ka maishe ni?" Ashe sama na fara na sauko ƙasa, wato Baba ta mata na kira, uwa ko goggo. Ta uba daga ƙasa take tashi, sai ka sassauta tukuna sannan ka matse. In kuma ka riƙe duka biyun a sama, baban rini ka kira, na marina. Abin da bakina ke rarrabewa tun ina goye, hannuna bai taɓa sani ba.

Ya karɓi kotson, tsohon kangon nan nasa na alilliba, ya buga taken wani basarake a hankali, sannan ya fara juya shi. Ya jinkirta gaɓa ɗaya, ya maimaita kalmar ƙarshe sau uku, ya yi shiru inda nake jiran bugu, ya dawo ta inda ban zata ba. Kowane zagaye daban, amma duk ina jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Da irin wannan kotson su Narambaɗa na Isa da Ɗanƙwairo na Maradun suka tsaya gaban sarakuna, kuma ni ina zaton gudun yatsu ne sirrin.

Aikin da ya ba ni: kada in ƙara ƙirƙiro komai daga kaina sai na kawo masa magana goma da na tsinta a titi. A hanya na gwada da yarinya mai tallar gyaɗa, ina bugawa a cinyata. Gyaɗa, ƙasa sannan sama. Ta zaci kiranta nake yi, dole na sayi ta ɗari.

Sai da na kwanta abin ya dawo min. Baba a cikin kiɗa aka haife shi, tun bai iya tafiya ba kunnensa ke sha. Ni na fara da shekara 27, a ɓoye, kuma har yau Inna in ta ga kotson a bayan ƙofa sai ta kawar da kai. Wataƙila tela ne ni da ya sayi ganga. Dariyar yaran ba ta dame ni ba. Yadda na buɗe bakin nan ne na rasa ko kalma ɗaya.

Magana biyu na samu zuwa yanzu, gyaɗa da kiran mai ruwa. Saura takwas, kuma Juma'a zan koma. Yatsan tsakiya ya sake fashewa.