Laraba: katin da ya ƙi tashi

Tun ƙarfe tara na safe nake kan katin sadarwa guda ɗaya. Injin kwaikwayon (kwamfutar manhaja da ke gudana a cikin wata kwamfuta) da ke riƙe da lissafin albashi ne ke buƙatar layi na biyu, ga shi ƙarshen wata, ba halin a kashe shi. Na jona masa katin ta virsh, manhajar ba injunan umarni, yana cikin aiki. QEMU, manhajar da ke gudanar da injin, ya karɓa, Linux ɗin da ke ciki ma ya ga katin, amma da na duba dmesg, inda Linux ke nuna saƙonninsa, sai ga saƙo ɗaya yana ta maimaituwa: babu gurbin I/O, wato adireshin da ake magana da katin ta kansa, da za a ba shi.

Yaron da ke koyon aiki a wurina ya leƙo ya ce, "Oga, ai tun bara muka sabunta QEMU, me zai hana?" Ni ma tambayar da ke raina ke nan. Sai bayan azahar na buɗe bayanan injin, idona ya faɗa kan nau'insa: pc-q35-6.1, wato samfurin inji na Q35 yadda yake a QEMU 6.1.

A QEMU 6.1, wanda ya fito a Agustan 2021, an mayar da aikin jona na'ura ana cikin aiki daga hanyar PCIe ta asali zuwa hannun ACPI, tsarin da inji ke sanar da Linux ko Windows kayan da ke jikinsa, a injunan Q35. Don kada hanyoyi biyu su yi karo, sai aka kashe wata 'yar alama a kan ramukan PCIe da ake jona kati a cikinsu, wadda ke cewa ramin nan yana karɓar na'ura ko da inji na tafiya. Ashe da ita ake dubawa kafin a ware wa rami gurbin I/O. A 6.2, cikin Disambar shekarar, aka dawo da alamar, aka bi ta _OSC, wani sashe na ACPI, wajen hana tsarin da ke cikin injin karɓe ragamar. Amma duk injin da aka ƙirƙira a matsayin 6.1 an bar masa alamarsa a kashe, da gangan, ta wani saiti mai suna x-keep-pci-slot-hpc.

Da farko raina ya ɓaci, don gyara yana nan a kan uwar garkenmu amma bai iso gare ni ba. Da na natsu sai na tuna daren da muka yi ta kwashe injuna daga tsohuwar uwar garke zuwa sabuwa suna cikin aiki, ko ɗaya bai girgiza ba. Wannan riƙon alkawarin ne ya ba mu haka: inji ya tashi a can ya sauka a nan ya tarar da kayansa yadda ya san su. Da an canza masa ramukan yana tafiya, Allah kaɗai ya san abin da za mu kwasa. Ina ganin masu QEMU sun yi daidai, ko da yake ni ne na sha ɗawainiyar yau.

Bayan la'asar na kwafi injin, na kashe kwafin, na mayar da shi pc-q35-6.2, na tayar. Na jona katin, nan take ya samu gurbinsa, layi ya kama. Yaron ya yi ta kallon allo yana murmushi.

Na albashin sai Asabar, in an gama biyan mutane. Na ƙirga sauran waɗanda ke kan 6.1, guda bakwai ne, biyu daga ciki Windows, su zan bari ƙarshe don sai na gwada su a kwafi tukuna.