Ni da Duna da farin wata a bayan Kufena

Ranar farko da na ɗauki kyamara zan fita bayan sallar isha'i, uwargida ta ce ina zuwa, nace zan je kallon wata ne, sai ta ajiye abun da ke hannunta ta ce "wace ce ita?" Har yau in zan fita sai ta ce a gaida watan.

Asalin abun dai ba don wata na fara ba, don Duna ne. Karen gadi ne da na gada a wajen wani maƙwabcinmu da ya tashi, baƙi ƙirin, shi yasa sunan. Da rana ba dama in fita da shi, yara su biyo mu da jifa manya kuma su bi ni da ido, duk da cewa a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa bane, kuma ai an yarda a ajiye na gadi da na farauta, amma je ka faɗa wa mutanen layinmu haka. To sai na maida fitar dare, mu bi ta bayan gidaje har inda gonaki suka fara, daga nan kana hango dutsen Kufena na Zariya ya yi baƙi a gabanka. Ba ma nisa gaskiya, kowa ya san yadda dare ya zama yanzu, shi yasa ma kasancewar Duna ke kwantar mun da hankali.

A nan ne na fara ɗaga kai. Wallahi kunya na ji da na gane cewa ni in ba watan azumi ko na sallah ba, lokacin da ake jiran sanarwar Sarkin Musulmi, ban ma san kwanan wata nawa bane. Yanzu kuwa in na kalle shi zan iya ce maka yau bakwai ko takwas, kuma na gane kullum yana makara wajen fitowa da kusan minti 50, shi yasa daren 14 da magariba zaka ganshi ya taso daga gabas, amma in ya kai kwana 20 sai ka kusa yin barci bai leƙo ba.

Hoton farko da na ɗauka da waya abun dariya ne, kamar an haska tocila a cikin buhu, fari fat ba komai a ciki. Dalili shine waya tana ganin ko'ina duhu sai ta buɗe ido sosai, shi kuma wata ai hasken rana ne ke dukan sa, kamar dutse ne a tsakar rana, don haka sai ya ƙone. Maganin kawai ka danna kan watan a fuskar wayar ka ja hasken ƙasa har sai tabon jikinsa ya fito. Daga baya na sayi tsohuwar kyamarar Canon ta hannu da doguwar tabarau mai jawo abu kusa, na koyi saitin da masu hoto ke yi, ISO 100 (yadda kyamara ke jin haske), f/11 (faɗin ƙofar da haske ke shiga), saurin ɗauka 1/100 na sakan, sai ka ɗan gyara daga nan. Maɗorin kyamara mai ƙafa uku kuma dole ne, ko ka ɗora a kan dutse ka sa taima na sakan biyu, don abun da ke nisan kilomita 384,000 ko numfashi ka yi sai ya girgiza. Kuma kar ka kuskura ka ɗaura igiyar kare a jikin ƙafar kyamara. Ni na yi, ɓera ya gitta, sauran labarin ba daɗi.

Abun da ban taɓa zato ba, farin wata na daren 14 sha kallo ne a ido amma a hoto shine mafi rashin armashi, shafe yake kamar faranti saboda rana na haska shi gaba da gaba babu inuwa. In kana son ramuka da tsaunuka ka fita daren bakwai ko takwas, ka duba daidai layin da haske ya haɗu da duhu, nan inuwa ke miƙewa kowane rami ya fito raɗau. Jinjirin wata ma yana da nasa, in ka lura zaka ga sauran jikin nasa a dushe, hasken da ya dawo daga duniyarmu ne ke haska shi, in kuma aka yi dace Zara matar wata tana kusa to ranar ba na son komawa gida. Lokacin hunturu kuma hazo ke maida shi ja kamar gwanda, hoton baya fita sosai amma ni ina son sa a haka.

Ranar 7 ga Satumba 2025, kwana biyu bayan hutun Maulidi, aka yi zazzaɓin wata, ya fito ne ma a kame tun magariba. Damina ce, gajimare ya rufe gabas, na zauna kan dutse na kusa haƙura sai ya ɗan yaye, ga shi nan jawur kamar garwashi. Hoto uku na samu, biyu sun girgiza. Can cikin unguwa ina jiyo yara na buga gwangwani irin yadda muka yi muna ƙanana, masallaci kuma ana kiran mutane sallar husufi, sai na tattara muka juyo.

Shi dai Duna a duk fitar nan ko sau ɗaya ban ga ya ɗaga kai ya kalli sama ba, masu cewa kare na yi wa wata haushi ban san wane kare suke nufi ba. Hancinsa na ƙasa, in na daɗe ina saiti sai ya zo ya kwanta a kan takalmina ya yi ajiyar zuciya. Jibi wata zai kwana takwas, na riga na sa batir a caji, igiyar kuma a ƙugu zan ɗaura.