Aikin da na yi wa ƙaramin MP3 na Kawu

A jikin kwali an rubuta wat 20. Ƙananan akwatunan MP3 ɗin nan da ake sa wa memori, waɗanda suka zama ruwan dare a Gusau da Ƙaura Namoda da ƙauyukan da ke kewaye, kusan duk haka suke zuwa da lamba mai cika baki. Amma idan ka sa sukundireba ka buɗe, abin da za ka tarar bai taka kara ya karya ba: batir ɗaya, lasifika mai faɗin inci 2 da aka buga wa om 4 da wat 3 a bayanta, sai ɗan fanel, wato allon da ake liƙa kayan wuta a kai, mai ɗauke da aisi (IC) biyu, 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu. Babban shi ke karanta memori ya kama FM, ƙaramin mai ƙafa 8 kuwa shi ne amfilifaya, mai ba sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika.

Mutanenmu sun ƙara riƙe waɗannan akwatuna ne tun watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara. Wanda ya saba jin karatu da wa'azi ta intanet sai ya koma wa memori, kuma da yawa ba su sake ta ba har yau. Kawuna yana cikinsu. Nasa akwatin tafsiri ne a ciki, da karatun Alƙur'ani, da tsofaffin kiɗan kotso da kalangu. Da ya kawo mini shi shago, cewa ya yi, "Ɗan nan, wanga abu in na ƙara mai murya sai ya shaƙe. Malam na magana, ba ka jin mi ya ce." Na ce, "To Kawu, a bar mini shi, in sha Allahu za a duba." Ya ce shi dai in sa masa babbar lasifika. Ban yi masa musu ba, amma na san ba a nan gizo ke saƙa ba.

Amfilifayar da na samu a ciki 8002 ce, wadda aka kwaikwayo daga wata aisi mai suna LM4871. Tana tura lasifika ta wayoyinta biyu a lokaci guda, idan ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, don haka babu wadda ke haɗe da ƙasan fanel, wato layin negatif na batir, a cikinsu. Lissafin iyakar ƙarfin irin wannan haɗi mai sauƙi ne: ka ninka bolt ɗin batir da kansa, ka raba da ninki biyu na om ɗin lasifika, wato ma'aunin yadda take tare wuta. Batirin da ke ciki, irin wanda ake kira 18650, yana kan bolt 4.2 idan ya cika, sannan ya daɗe a wajen 3.7. A 4.2 lissafi ya ba da wat 2.2, a 3.7 kuwa wat 1.7, kuma wannan a takarda ne, aisi ba ya kaiwa nan ba tare da ya ɓata sauti ba. Ke nan wat 20 ɗin kwali zance ne kawai. Duk abin da zan yi dole ya tsaya cikin wannan ɗan ƙarfin, aikina shi ne in hana a ɓarnatar da shi.

Shaƙewar da Kawu ke ji tana da dalili. Idan aka nemi amfilifaya ta fitar da abin da ya fi wutar da batir ke ba ta, sai ta datse kan sautin sama da ƙasa, muryar mutum ta koma ƙara mai karce kunne. Na fara da wutar ne. Na jona mita a ƙafar aisi da ke karɓar wuta, na kunna kiɗa da ƙarfi, sai na ga lambar tana faɗuwa duk lokacin da aka doki ganga. Batirin an rubuta masa 9900mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, alhali 18650 na gaskiya ba ya wuce wajen 3500, kuma nauyinsa yana kusan giram 45. Wannan ko a tafin hannu ka ɗora ka san fanko ne. Na sauya shi da wani da na ciro daga tsohon batirin laftof, bayan na caje shi na bar shi ya kwana biyu na ga bai zube ba. Wanda na tarar ya faɗi ƙasa da bolt 2.5, ko mai yin zafi wajen caji, ba na sa wa kowa shi. Wayoyin batirin ma sirara ne ƙwarai, na canza su da masu kauri, na gajarta su.

Daga nan na liƙa kondensa mai 1000µF (µF ma'aunin yawan wutar da take tarawa ne), bolt 10, dab da ƙafar wuta ta aisi, da wata 'yar ƙarama mai 0.1µF a gefenta. Aikinta irin na randa ne a gidan da famfo ke ɗigo: tana tara wuta lokacin da sauti ya lafa, idan ganga ta nemi wuta mai yawa farat ɗaya sai a ɗiba daga gare ta. Kusancin yana da muhimmanci, idan ka kai ta can nesa da dogayen wayoyi rabin amfanin ya tafi. Tana da ƙafar da ke zuwa wuta da wadda ke zuwa ƙasa, ratsin da ke jikinta alamar ƙafar ƙasa ce, kuma wanda ya juya su zai iya ganin ta kumbura ko ta fashe. Ni mai 105°C nake nema, ba mai 85°C ba. Irin wannan kondensa tsawon ranta yana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin zafi na digiri 10, ga shi akwatin baƙi ne, Kawu kuma a gona yake ajiye shi cikin ranar Afrilu da zafinta ke haura digiri 40.

Abin da ya fi sauya sautin dai resista guda ce, wato 'yar abar da ke rage gudun wuta, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba. A 8002 resista biyu ke yanke yawan ninkin da za a yi wa sauti: wadda ke bakin shiga, da wadda ke dawowa daga fita. Ka raba ta biyun da ta farko, ka ninka biyu. A wannan fanel ta shiga 10k ce (om dubu goma), ta dawowa 47k, wato ninki 9.4. Na sa sautin gwaji mai 400Hz, wato mai kaɗawa sau 400 a daƙiƙa, a memori (ƙananan mitocinmu ba sa karanta wanda ya fi haka sosai daidai), na ƙure murya, na auna abin da babban aisi ke fitarwa, na samu wajen bolt 0.6. Ninka shi da 9.4 ka ga ana neman fiye da bolt 5.6 daga amfilifayar da iyakarta a batir mai 3.7 ba ta wuce 2.6 ba. Ashe tun daga tsakiyar maɓallin murya aka fara datse sauti, duk abin da ke sama da nan hayaniya ce. Masu ƙera su da gangan suke yi, don a kasuwa mai saye yana kunna biyu ne ya ɗauki wanda ya fi ihu. Na cire 47k na sa 22k, ninki ya dawo 4.4, wanda ya ba da wajen 2.6 daidai. Yanzu ko an ƙure maɓallin, muryar malam tana fita sarai.

Cire resistar nan sai da hantsaki da haƙuri. Na cire batir tukuna, na ɗora dalma kaɗan a gefe biyu don su narke tare, na ture ta. Fanel ɗin waɗannan akwatuna araha ne, idan bakin ayan, wato ƙarfen narka dalma, ya daɗe a wuri ɗaya layin tagullar sai ya ɗago. Rashin tsayayyar wuta ma wani abu ne, shi ya sa nake amfani da ƙaramin ayan mai aiki da batirin sola.

Sai maganar bes, wato kaurin sauti, inda kowa ke son a cika hannu. Tsakanin babban aisi da amfilifaya akwai 'yar kondensa da sauti ke ratsawa. Ita da resistar 10k ɗin nan su ke yanke inda kaurin sauti zai fara raguwa. Wadda aka sa 0.1µF ce, wadda ke fara rage duk abin da ke ƙasa da 159Hz. Muryar namiji babba tushenta yana tsakanin 85Hz da 180Hz, shi ya sa muryar dattijo ke fita siririya a irin wannan akwati. Shawarar da za ka ji a bakin yawancin masu gyara ita ce a sa 1µF, iyakar ta sauka zuwa 16Hz. Na jera guda uku na saurare su ɗaya bayan ɗaya da kiɗa iri ɗaya. Da 1µF, fatar lasifika sai kai da komo take yi da ido kana gani, amma kunne bai ƙaru da komai ba, don lasifika mai inci 2 ba ta iya tura iskar da irin wannan amo ke buƙata. Wutar da ya kamata ta tafi ga murya ta ƙare a kaɗa takarda, shaƙewar ta dawo, ga wani "ɗum" da take yi duk lokacin da aka kunna. Da 0.47µF abin ya ragu amma bai tafi ba. A 0.22µF na tsaya, wadda ke yankewa a wajen 72Hz. A nan kotso ya samu cikinsa, ana jin yadda amonsa ke hawa da sauka, kuma lasifika ba ta wahala.

A ramin iyafis kuwa lissafin ya juya. Can kondensa mai 47µF aka sa a kowane kunne, kuma da iyafis mai om 32 tana fara yanke sauti daga wajen 106Hz. Iyafis yana manne da kunne, ba ya buƙatar tura iska mai yawa, don haka yana iya fitar da bes na gaske idan an bar shi ya iso. Na sa 220µF, iyakar ta sauka zuwa 23Hz. Wurin ya yi musu kaɗan, sai da na kwantar da su a kan fanel na ɗaure da ɗigon gam.

Akwai gyaran da ba ya buƙatar ayan ko kaɗan, kuma ya kusa kamo na resista wajen amfani. Lasifika tana fitar da sauti ta gaba da ta baya, idan ta tura iska a gaba tana janye ta a baya. Matuƙar akwai kafar da na baya zai zagayo ya haɗu da na gaba, sai su kashe juna, kuma bes ne ke fara mutuwa. Akwatin Kawu iska na fita ta gefen lasifika, da ramin rataya, da inda murfi ya haɗu. Na bi su da gam na toshe, na sa zoben roba a bakin lasifika, na ɗaure wayoyin da ke karkarwa suna taɓa roba. Na cusa ɗan abin cikin filo a bayan lasifika, nesa da batir da aisi. Auduga tana da yawa a wajenmu, amma ba na son ta kusa da batirin da ke iya yin zafi.

Na kuma gwada hanyar da samari suka fi so, a kan wani akwati nawa. Na cire 8002 na sa ɗan fanel mai wata amfilifaya, PAM8403, tare da MT3608 da ke ɗaga wutar batir zuwa bolt 5. PAM8403 ba ta zafi, don kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ci yana iya isa lasifika, ita kuwa 8002 mai yawa take mayarwa zafi. A bolt 5 tana ba da wat 3 a lasifika mai om 4, amma wannan adadin an auna shi ne da gurɓacewar sauti ta kashi 10 cikin 100. Kuma daga wat 1.7 zuwa 3 ƙarin bai kai desibel 3 ba a ma'aunin ƙarar sauti. Kunne yana jin bambancin, sai dai ba irin wanda mutum zai ce an ninka ƙara ba. Mai son bin wannan hanya ya saita MT3608 da mita kafin ya jona, domin tana iya hawa har bolt 28, PAM8403 kuwa iyakarta 5.5. Kada kuma ya haɗa baƙaƙen wayoyin lasifikar hagu da ta dama wuri ɗaya, ko ya kai su ƙasan fanel, aisi na iya ƙonewa.

Abin da ya hana ni yi wa Kawu haka rediyo ne. Su biyun, PAM8403 da MT3608, suna aiki ne ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai ɗaruruwa, har fiye da miliyan, a daƙiƙa, kuma wannan yana shiga eriya. A nawa akwatin tashoshin FM na cikin Gusau sun ci gaba da fita, amma masu rauni sai shuu ya rufe su. Kawu a bayan gari yake, labaran safe da na yamma ba sa wuce shi, in na ba shi ƙarin ƙara na ƙwace masa rediyo ban yi masa gwaninta ba.

Da ya zo karɓa na kunna masa tafsirin da ya fi so, na ƙure murya. Ya saurara jim, ya ce, "Ƙarar ta ragu, amma yanzu ina jin malam. Allah shi yi albarka." Sai ya nuna wani tsohon kiɗa da har yanzu ke fita dishi-dishi, ya ce wannan fa? Na ce, "Kawu, wannan daga kaset aka ɗauko shi, waya aka kara a bakin rediyo aka naɗa. Haka ya shiga memori." Na sa masa iyafis ya ji da kansa cewa ƙarar fanka da kukan akuya duk suna cikin naɗin. Irin wannan sai dai a nemo kaset ɗin asali a sake kwafa ta waya kai tsaye zuwa kwamfuta, kuma ya ce akwai buhu guda na kaset a ɗakinsa, zai aiko da shi ranar kasuwa.

Masu tallar magani da masu shayi sukan kawo mini irin wannan akwati su ce in sa ya cika tasha da ƙara. Waɗannan ba na karɓar aikinsu a kan batir ɗaya. Nakan ce su nemo batir mai bolt 12, da fanel mai babbar amfilifaya TPA3116, da lasifika mai inci 6 ko fiye a cikin akwatin katako, MP3 ɗin ya tsaya a matsayin mai karanta memori kawai, a ja sauti daga ramin iyafis ɗinsa.