Wa ke da ta cewa a kan kuɗin cocin Katolika?

Ana yawan ɗauka cewa baikon da aka tara ranar Lahadi, wato kuɗin da masu ibada ke bayarwa, na Fada ne, limamin cocin, ya yi yadda ya ga dama da shi. Dokar Ikkilisiya ta 1983, wadda Dayosis ɗin Kano (yankin da ke ƙarƙashin Bishop) ke bi tun kafa shi a 1999, ba ta yarda da haka ba. Dukiyar ta faris ce, wato cocin unguwa da rassanta na ƙauyuka. Fada mai riƙon amana ne, kuma sashe na 537 na dokar ya wajabta wa kowace faris ta kafa kwamitin kuɗi.

Sai dai a fahimci iyakar wannan kwamiti. Shawara yake bayarwa, Fada ne ke yanke hukunci ya sa hannu. Kwamitin na taya shi tsara kasafin shekara: albashin katikis (mai koyar da addini) da maigadi, man janareta, kuɗin wuta, gyaran rufi kafin damina, da kason da ake aika wa dayosis. Duk shekara kuma dole a miƙa wa Bishop lissafi a rubuce, a kuma sanar da jama'a abin da aka yi da baikonsu, kamar yadda sashe na 1287 ya tanada.

Idan magana ta wuce hidimar yau da gobe, kamar cin babban bashi ko fara ginin makaranta, Fada ba shi da ikon yin gaban kansa. Sai da rubutaccen izinin Bishop, in ba haka ba cinikin bai ƙullu ba a dokar coci. Shi ma Bishop John Namaza Niyiring, da ke jagorantar Kano da Jigawa tun 2008, yana da nasa kwamitin: aƙalla mutum 3 masana kuɗi da shari'a, wa'adinsu shekara 5, kuma danginsa na kusa ba sa shiga. A manyan lamura sai ya sami amincewarsu da ta majalisar limamai masu ba shi shawara. Sayar da kadarar da darajarta ta haura iyakar da taron Bishop-Bishop na ƙasa ya gindaya kuwa, sai Fadar Paparoma ta yarda.

Inda aka fi samun ɓaraka, a ganina, can ƙasa ne, wurin ƙirga. Mutum ɗaya ya kwashi jakar baiko ya shiga ɗaki, ko da mai gaskiya ne, an jefa shi cikin zargi. Abin da ya dace shi ne mutum biyu ko uku da ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga a ranar, su rubuta adadi, kowa ya sa hannu, ranar Litinin a kai banki a manna rasit a littafi. A riƙa sauya masu ƙirgar. Yanzu da mutane ke turo kuɗi ta waya, kada a taɓa ba da lambar asusun katikis ko ta Fada, wai don sauƙi. Ranar da aka yi wa mutumin canjin wurin aiki, ko ya rasu, raba kuɗin coci da nasa kan zama rigima da iyali.

Ɓaraka ta biyu ita ce cakuɗa kuɗi. Sashe na 1267 ya ce abin da aka bayar don wata manufa, ita kaɗai za a yi wa. Idan Zumuntar Mata sun tara kuɗin rijiyar burtsatse a bikin godiyar kaka, ba a ɗiba a sayi man janareta da niyyar za a mayar. Sau da yawa ba a mayarwa, kuma baɗi hannun masu bayarwa sai ya yi sanyi. Haka baikon Juma'a Mai Kyau na Ƙasa Mai Tsarki, da na Paparoma a ƙarshen Yuni, da na Lahadin Mishan a Oktoba: faris ba ta da ko kwabo a ciki, ƙirgawa kawai take ta aika.

Kuɗin da mutum ya bayar a yi masa addu'ar Mas, wato babbar ibadar Katolika, shi ma dabam yake, a littafinsa na musamman, kuma ba a hana talaka baftisma ko ɗaurin aure don ba shi da abin bayarwa.

Idan sabon Fada zai karɓi faris, a rubuta duk kayan da ke akwai, daga mota da takardun fili zuwa bashin da ake bin coci, a sa hannu. Kwafi ɗaya ya zauna a faris, ɗaya a ofishin Bishop.