Ga Masu Koyon Tsara Shafin Intanet

Ɗan ƙanwata ya zo mini da kwamfutarsa bayan la'asar yana murna, wai wani mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya ba shi aikin tsara shafin intanet, kuma yana so in gani kafin ya miƙa. Da ya buɗe, sai bidiyo ya cika fuskar kwamfutar, yadudduka suna kaɗawa, rubutu ruwan zinare yana shigowa ta hagu yana ficewa ta dama, amma duk dubawar da na yi ban ga farashin ko turmi ɗaya ba, balle lambar wayar mai shagon. Na ce masa ya buɗe a wayarsa da datar kansa mu gani. Sai ya ce, "Kawu, ai a kwamfuta ya fi kyau." Raina ya ɓaci fiye da yadda maganar ta cancanta, domin ita ce amsar da ni ma na riƙa ba mutane ina saurayi.

Na shiga wannan sana'a ne a shekarun da suka biyo bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001, lokacin da mafi yawanmu sai mun je kafe mun sayi awa kafin mu ga intanet. Na fara da manhajar tsara shafi ta FrontPage, daga baya na koma irinta mai suna Dreamweaver, kuma babu kwalliyar da na gani a shafin wani ban kwaso ta ba: rubutu mai gudu, na'urar ƙirga masu ziyara, har da sanarwar nan da ake maƙalawa a ƙasa cewa an fi ganin shafin da manhajar buɗe shafuka ta Internet Explorer, wato mai karatu ne zai gyara kansa ya dace da aikina. Babban aikina na farko na wata makaranta ce mai zaman kanta. Iyayen yara abu kaɗan suke nema, kuɗin makaranta da ranar komawa hutu da yadda ake sayen takardar neman gurbi, ni kuwa na tare ƙofar shafin da wasan Flash, wato manhajar sa hotuna masu motsi a shafi, tambarin makarantar yana juyawa ana kiɗa, kuma sai ya gama juyinsa kafin mutum ya wuce ciki.

Zan iya cewa yayi ne, kuma ba ƙarya na yi ba. GeoCities, dandalin da mutane suke gina shafukansu kyauta, cike yake da irin waɗannan shafuka har Yahoo ya rufe shi a 2009, manyan kamfanonin duniya ma suna amfani da Flash, kuma shugaban makarantar da bakinsa ya ce yana son abu mai motsi wanda zai burge iyaye. Sai dai iPhone ya fito a 2007 babu Flash a cikinsa, Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple mai ƙera iPhone a lokacin, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Afrilun 2010 yana bayanin dalilin ƙin karɓarsa, kuma tun kafin nan na san iyayen da ake yi wa shafin suna shiga intanet ne da manhajar Opera Mini a ƙananan wayoyin Nokia, inda wasan nawa ba ya fitowa sam. Na sani, na yi shiru, saboda abokaina masu kwamfuta ne suke yaba aikin, kuma yabonsu nake nema. Kamfanin Adobe, mai Flash, ya sanar a 2017 cewa zai janye Flash, ya janye a ƙarshen 2020, duk wanda ya gina shafinsa a kai ya wayi gari da fanko.

Na kuma yi wauta da rubutun Hausa. Maimakon in saita shafin a kan UTF-8, tsarin da ke ɗaukar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a kowace na'ura, sai na yi amfani da wani salon haruffa na musamman da ke cikin kwamfutata kaɗai, a wurin kowa kuwa ƙugiyoyin suka koma wasu alamomi marasa ma'ana. Da aka yi ƙorafi sai na ɗauki hoton rubutun na liƙa, ina ganin na yi dabara. Sakamakon shi ne Google ba ya iya karanta shi balle ya nuna wa mai bincike, makaho mai amfani da manhajar karanta rubutu ba ya jin komai, kuma gyaran kalma ɗaya sai an sake yin hoton gaba ɗaya.

Wanda ya fi damuna har yau shi ne adireshin shafin. Na yi masa rajista da sunana da imel ɗina, na gaya wa kaina cewa taimako nake yi, tunda shugaban makarantar ba ya buɗe imel kuma ba shi da katin biya ta intanet. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai kuma son zuciya, domin ina so duk shekara su dawo hannuna. Da na sami wani aiki na bar garin, saƙonnin tunatarwa suka riƙa shiga akwatin da na daina dubawa, wa'adi ya ƙare, wani ya saye sunan ya cika shi da tallace-tallace. Makarantar kuwa ta riga ta buga adireshin a kan allonta da takardunta da motar ɗaukar yara. Har yanzu nakan ce ai su ma ba su aiko da kuɗin sabuntawa ba, kuma lallai ba su aiko ba, amma ba su san akwai wani abu da ake sabuntawa ba, domin ban taɓa gaya musu ba. Tamkar magini ne ya gina wa mutum gida ya riƙe takardar filin a aljihunsa ya yi tafiya.

Na yi niyyar jero muku shawarwari masu yawa, amma na san kaɗan ne a cikinku za su karanta har ƙarshe, tunda yaran yanzu da sun kalli bidiyo biyu a YouTube sai su buga kati su kira kansu ƙwararru. Saboda haka zan taƙaita. Ku gwada aikinku a waya mai araha, da datar da kuka saya da kuɗinku, a unguwar da sabis ke wahala, kafin ku nuna wa kowa. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabayit uku zuwa biyar, ku kuma sai ku ɗora ashirin a shafi ɗaya yadda suke, alhali za a iya matse kowanne ya koma ƙasa da kilobayit 200, musamman a tsarin ajiye hoto na WebP, ba tare da ido ya lura ba. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na masu buɗe shafi a waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba, kuma mai sayen atamfa da ke lissafin datarsa ba zai fi su haƙuri ba. Farashi da lambar waya da wurin da shagon yake su zo a sama inda babban yatsa zai kai, rubutu kuma ya fita sarai daga launin da ke bayansa. Ƙa'idar WCAG, mai tsara yadda shafi zai yi sauƙin amfani ga kowa har da masu raunin gani, ta nemi bambancin haske na 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, ruwan zinare a kan fari kuwa ba ya kai wannan.

Ku koyi HTML da CSS, harsunan da ake rubuta shafi da yi masa fasali, da hannunku kafin ku taɓa wani abu, domin abin kunya ne mutum ya karɓi kuɗin aiki bai san abin da ke ƙarƙashin shafinsa ba, har ka tarar an bar rubutun Latin na cike gurbi a shafin da aka riga aka miƙa. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, shafukan da na rubuta da hannuna su ne suka fara mutuwa, saboda masu su ba sa iya canza ko kwanan wata sai sun neme ni. Ku yi musu da WordPress, manhajar da ke ba mai shafi damar gyara shi da kansa, ku koya musu shiga. Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne kayan sata: jigon da ake sayarwa, wato shiryayyen fasalin shafi, ku same shi kyauta a wani lungu na intanet, sau da yawa an cusa masa mugun abu a ciki, kuma shafin mutane ne zai kwana a ciki, ba naku ba.

Ku saurari mai aiki, shi ya san abokan cinikinsa fiye da ku. Amma idan ya ce a sa kiɗa da rubutu mai gudu, ku ƙi, ko da zai ji haushi, domin nawa sauraron ne ya kai ni ga Flash. Wani ɗan kasuwar ma ba shafi yake buƙata ba, WhatsApp Business da jerin hotunan kayansa sun ishe shi, kuma ya kamata ku gaya masa, duk da na san babu wanda zai mayar da kuɗin da ya riga ya shiga aljihunsa, ni ma ban mayar ba.

Batun tsaro ba shi da uzuri yanzu. Tun watan Yulin 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome take rubuta wa duk shafin da ba shi da HTTPS, wato tsarin kare bayanai tsakanin shafi da mai buɗe shi, cewa ba shi da tsaro, alhali cibiyar Let's Encrypt na bayar da takardar shaidar HTTPS ɗin kyauta. Adireshin kuma, ko mai ƙarewa da .com ne ko .ng da NiRA, ƙungiyar rajistar adiresoshin intanet ta Najeriya, ke kula da shi, a yi masa rajista da sunan mai shagon da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ko da sai kun zauna kun buɗe masa imel ɗin da kanku. Ku rubuta a takarda ranar da wa'adin adireshin zai ƙare, da ranar da kuɗin wurin ajiye shafin zai ƙare, da wanda zai biya kowanne, da kalmomin sirri, ku sa hannu shi ma ya sa, ku ba shi tasa ku riƙe taku.