Yadda na gano abincin da jikin Ummi ba ya karɓa

Kircin Ummi ya fara ne tana wata 2 da 'yan kwanaki, a tsakiyar zafin Makka, lokacin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa dare da rana. Sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Kumatunta ne suka fara yin kaushi, sai bayan kunne, sai wuya da lanƙwasar hannu. A takardun da ake rabawa a asibiti jariri ake nunawa fuskarsa ta yi jawur, amma a jikin ɗiyata babu ja ko kaɗan. Wurin duhu yake yi, ya yi furu-furu, da ƙananan ƙuraje masu tsini. Idan ya lafa sai ya bar tabo fari-fari, har maƙwabta su ce kyasbi ne. Uwa baƙar fata da ke jiran ta ga ja kafin ta tafi asibiti za ta daɗe tana jira, yaro kuwa yana shan wuya.

Da fatar ce kaɗai da ban kawo abinci a raina ba. Amma ga tumbuɗi mai yawa, ga gantsarewa da kuka bayan kowane shan nono, ga kashi mai majina. Wata safiya na buɗe famfas na ga ɗan zaren jini siriri a ciki. Ranar hankalina ya tashi sosai.

A Misfala muke, gida ɗaya da surukata Hajiya, wadda a nan aka haife ta. Unguwar cike take da Hausawa, kuma kowace mace da ta leƙo tana da nata hukuncin. Wata ta ce in bar gyaɗa, wata ƙwai, wata kifi da tumatir. Wata tsohuwa ta ce nonona ne ya ɓaci, a yaye yarinyar a koma gwangwani. Hajiya kuwa cewa ta yi, "'Yar nan, zafi ne kawai. Duk 'ya'yana sun yi shi, man shanu na shafa musu." Da safe takan zaunar da Ummi a cinyarta, ta lakato man da yatsa, ta murza shi a tafin hannu har ya narke, sannan ta bi kumatun da shi tana yi mata wasa. Ƙauna ce tsantsa, kuma har yau haka nake kallon abin.

Likitar yaran da muka gani ba ta fara da hana ni cin komai ba. Ta ce yawancin jarirai masu kirci ba abinci ne ke kawo musu shi ba, fatarsu ce ba ta riƙe ruwa, kuma ko cikin waɗanda nasu ya yi tsanani, kusan ɗaya cikin uku ne ake samu da hasasiyyar abinci, wato jiki ya ƙi karɓar wani abinci ya riƙa yaƙarsa. Don haka fata za a fara gyarawa. Ta rubuta man shafawa mai kauri marar turare, ta ce a yawaita shi, jariri kan iya cinye giram 250 a mako. Ta ƙara da hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100 don wuraren da suka tashi, na 'yan kwanaki. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi-ɗumi, babu sabulu mai ƙamshi, kayan auduga, kuma a daina turara kayanta da turaren wuta. Wannan na ƙarshen ya yi wa gidanmu nauyi, don a Makka gidan da ba ya tashin ƙamshi ba a ɗauke shi gida ba.

Man shanun ma ta ce a dakatar, har da man gyaɗa da man zaitun. Bayanin da ta yi ya zauna mini: abincin da ya shiga ta tsagaggiyar fata yana iya koya wa jiki ya ɗauke shi abokin gaba, wanda ya shiga ta baki kuwa yakan koya masa ya saba da shi. Daga ranar, idan maigida ya biya ta Shara Mansur ya sayo tsire, sai ya wanke hannu da baki kafin ya ɗauke ta, saboda ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin. Ni ban iya tunkarar Hajiya da maganar man ba. Ɗanta ne ya ce mata, "Umma, likita ta ce a ɗan jinkirta shi mu ga abin da Allah zai yi." Ta yi shiru, sannan ta karɓi robar man asibitin ta ci gaba da shafawar safe da shi.

Fatar ta yi sauƙi, amma ba ta warke ba, cikin kuma yana nan yadda yake. Wannan ne ya sa aka juya kan madarar shanu. Jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ne jikinsu ba ya karɓar furotin da ke cikinta, kuma kaɗan daga furotin ɗin yana ratsawa cikin nonon uwa idan ta sha. Umarnin a bayyane yake: in bar madara da duk abin da aka yi da ita na mako 2 zuwa 4, in bar sauran abincina yadda yake, in ci gaba da shayarwa, kuma in riƙa rubuta abin da na ci da abin da na gani.

A ƙasar nan barin madara ba ƙaramin aiki ba ne. Laban, wato kindirmon sha, yana kan kowane faranti. Ma'asub ɗin karin kumallo, wato burodi da ayaba da ake kirɓawa tare, da kirim da samna (man shanu) ake haɗa shi. Shayi da madara, cuku a cikin burodi, furar da Hajiya ke damawa da yamma, man shanun da ake zubawa a miyar kuka, duk suka fita. Waɗannan ma masu sauƙi ne, tunda ana ganinsu. Ɓoyayyun su ne matsala: biskit, wasu burodin leda, cakulan, garin miya na fakiti. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta wajabta bayyana irin waɗannan sinadarai a jikin kaya, don haka na koma mai tsayuwa a baƙala, wato kantin unguwa, ina juya fakiti ina neman halib, masl da kazin, sunayen madara da sinadaranta da Larabci, a ƙananan rubutu. Na ga madarar da aka rubuta ba ta da laktos na ɗauko in tambaya, likita ta ce in mayar. Laktos sukarin madara ne, nonon uwa ma cike yake da shi, kuma ba shi ne ke damun Ummi ba. Furotin ɗin yana nan daram a cikin wannan madarar.

Littafin rubutun nan ya fi kowane gwaji amfani a wurina. Ɗan ƙaramin littafin makaranta ne, na raba kowane shafi biyu, dama abin da na ci, hagu yanayin kashi da barci da fata. Duk Juma'a nakan ɗauki hoton kumatunta a bakin taga ɗaya, a haske ɗaya, domin ido yana mantuwa. Dalilin rubutun shi ne hasasiyya iri biyu ce. Akwai mai gaggawa, da ke fitowa cikin mintuna zuwa awa 2, da borin jini da kumburin leɓe. Akwai mai jinkiri, da kan ɗauki awoyi har zuwa kwana 3, ta fito a ciki da fata. Mai jinkirin ba a gane ta da ƙwaƙwalwa kawai, don kafin ta bayyana uwa ta ci abubuwa da yawa, sai ta ɗora laifin a kan na ƙarshe.

Jinin ne ya fara ɗaukewa, majinar ta biyo baya, kukan dare ya ragu, fatar ce ta zo ƙarshe. Ni kuma aka ba ni kalsiyam miligiram 1000 a rana da bitamin D, na ƙara cin zogale da riɗi da kifin gwangwani mai ƙashi.

Daga nan sai matakin da mata da yawa ke tsallakewa, wanda ni a ganina shi ne gwajin na gaskiya: mayar da madarar. Raina bai so ba. Yarinya ta samu lafiya, a ce in sake tsokano ciwon da hannuna? Amma kirci yana tashi ya kwanta da kansa, yanayi ya sauya, ga kuma man shafawar yana aiki. Idan ba a mayar ba, babu wanda ya san wanne ne ya kawo sauƙin, sai uwa ta shekara tana hana kanta da ɗanta abinci a banza. Na koma shan laban yadda na saba. Kafin mako ya zagayo majinar ta dawo, bayan kunnenta ya sake tsagewa. Na sake bari, ya sake lafawa. Sai a lokacin likita ta rubuta sunan ciwon a katinta. Wannan gwajin na gida na mai jinkiri ne kawai. Yaron da ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, a asibiti ake gwada shi, kuma idan hakan ta faru a gida 997, lambar motar asibiti ta Saudiyya, ake kira nan take.

Da labari ya bazu, sai shawarar madadin ta fara zuwa. Hajiya ta kawo maganar nonon akuya, wani abokin maigida ya ce zai kawo na raƙumi daga makiyayan da ke bakin hanya. Furotin akuya da na tunkiya sun yi kama da na saniya ƙwarai, yawancin yaran da ba sa karɓar ɗaya ba sa karɓar ɗayan. Na raƙumi ya bambanta, amma ɗanyensa yana iya ɗauke da zazzaɓin Malta, kuma an danganta raƙuma da cutar numfashi ta MERS da aka gano a ƙasar nan a 2012. Ko dafaffe ne, ba a mayar da nonon dabba abin shan jaririn da bai shekara ba. Uwar da ba ta shayarwa akwai madarar gwangwani ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta, likita ke rubutawa.

Da ta cika wata 6 aka zo fara abinci, tsorona ya koma kan gyaɗa. Niyyata in ɓoye mata ita har ta girma, likita ta ce akasin haka ake yi yanzu. A 2015 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Landan kan jarirai 640 masu kirci mai tsanani ko hasasiyyar ƙwai. Waɗanda aka fara ba su gyaɗa da wuri, samun hasasiyyarta ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka hana. Saboda kircin Ummi ya yi ƙarfi, sai da aka fara yi mata gwajin fata, aka ɗiga ruwan a hannunta aka ɗan tsaga, aka jira minti 15. Gyaɗa ba ta tashi ba. Washegari da safe na dama kunun gyaɗa mai laushi, babu sukari babu zuma, na ɗiba a bakin cokali na sa mata a harshe, na zauna ina kallonta. Ta lashe, ta buɗe baki tana neman ƙari. Tun daga nan ba ya yanke mata a mako. Ƙwayar gyaɗa dai ba a ba ƙaramin yaro, tana shaƙewa.

Haka muka bi sauran, sabon abu ɗaya, da safe, ranar da take lafiya, a bar 'yan kwanaki kafin na gaba. Tahina, wato niƙaƙƙen riɗi, ta wuce lafiya, alkama da kifi ma haka. Tumatir ya sa gefen bakinta ya yi jaja-jaja, amma tsaminsa ne ke cin fata, idan na shafa mata mai kafin ta ci ba ya yi. Ƙwai ne ya nuna mini ɗaya fuskar ciwon. Ko minti 10 ba a yi ba borin jini ya feso mata a fuska da ƙirji, ta yi amai. Numfashinta lafiya lau, amma asibiti muka nufa, kuma gwaji ya tabbatar.

Abin da ya fi sosa mini rai a duk wannan shi ne ɗan wata maƙwabciyata. An kai shi wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, aka biya kuɗi masu yawa aka auna abin da ake kira IgG, aka ba uwar dogon jerin abincin da wai ba ya karɓa, har da shinkafa da ayaba. Ƙungiyoyin likitocin hasasiyya ba su yarda da wannan gwajin ba, domin abin da yake nunawa kawai shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da abincin. Yaron ya rame, kircin kuma bai tafi ba, tunda ba a kula da fatar ba. Na kai mata littafina ta gani, na roƙe ta ta je wurin likitan yara. Ko gwajin gaskiya ma yakan nuna hasasiyya ga abin da yaro ke ci lafiya, shi ya sa ake haɗa shi da abin da uwa ta gani da idonta.

Yanzu Ummi ta haura shekara, abubuwa biyu kacal aka hana ta, madara da ƙwai. Yawancin yara suna rabuwa da ta madara kafin su kai shekara 5, kuma mun fara hawa matakan a hankali: guntun biskit da aka gasa da madara tukuna, domin zafin tanda yana sauya furotin ɗin, sannan abin da aka dafa da ita, sannan laban, madara zalla a ƙarshe. Biskit ɗin ya zauna mata lafiya. Ƙwai kuwa likita ta ce kada a taɓa shi a gida, a asibiti za a gwada shi cikin kek idan lokacin komawarmu ya yi, in Allah ya kai mu.